Ɗan Lido a Ɗakin Jarrabawa



 Mun san da waɗansu suka ga kan maganarmu sun ce a ransu, to, yau kuma caca za a koyar? Ko kusa. Ɗan lidon da za mu yi magana a kansa ba a jefa shi, ba a kuma cin kuɗin kowa da shi. A takarda ake zana shi, sau biyu ko uku ko huɗu, kowane zane yana nuna fuska uku kaɗai, sa'an nan a tambayi mai jarrabawa: wace lamba ce take bayan lamba kaza?

Irin wannan tambaya takan fito a gwajin basira da ake yi wa masu neman aiki a ƙasashe da dama, amma babu inda ta yi gida kamar ƙasar Indiya, inda littattafan share fagen jarrabawa kan keɓe mata babi sukutum. Saboda haka da misalin can za mu yi aiki. Akwai hukumar ɗaukar ma'aikatan gwamnatin tsakiya ta Indiya da aka kafa a 1975, wadda ake taƙaita sunanta da SSC, tana kuwa shirya wa masu digiri jarrabawa kusan kowace shekara. A tsarin da ta bi a 2023, matakin farko tambayoyi 100 ne cikin minti 60, kuma 25 daga cikinsu na auna kaifin tunani ne. A nan ne ɗan lido kan ɓullo. In muka raba, kowace tambaya daƙiƙa 36 ke gare ta. Wanda ya ci a ba shi maki 2, wanda ya kuskure a zabge masa rabin maki. Yawan masu nema kuwa sai wanda ya gani: a 2018 mutum fiye da miliyan 20 suka nemi guraben aiki kimanin 90,000 a ma'aikatar jirgin ƙasa ta ƙasar. A irin wannan turmutsitsi, rabin maki yana iya raba mutum da abincinsa.

Abin da muke so mu tabbatar muku a yau guda ɗaya ne, watau ba a juya ɗan lido a cikin kai. Mafi yawan masu faɗuwa a wannan tambaya suna faɗuwa ne domin sun runtse ido suna ƙoƙarin mirgina shi a zuci, har fuskokin su cakuɗe musu, lokaci kuma ya ƙare. Wannan ba rauni ba ne na mutum ɗaya. A 1971 waɗansu masana halayyar ɗan Adam biyu na Jami'ar Stanford a Amurka, Roger Shepard da Jacqueline Metzler, sun nuna wa mutum takwas zane-zanen siffofi bibbiyu, kowane mutum har sau 1,600, suna tambayarsu ko siffa ɗaya ce aka juya ko kuwa daban suke. Suka tarar lokacin amsa yana ƙaruwa daidai da girman juyin da aka yi wa siffar: wadda ba a juya ba kimanin daƙiƙa ɗaya, wadda aka juya rabin zagaye kuwa daƙiƙa huɗu ko fiye. Ashe zuciya ma tafiya take yi in za ta juya abu, tafiyar kuma tana cin lokaci. Mai zane uku a gabansa da amsoshi huɗu da zai gwada ba shi da wannan lokacin. Abin da yake da shi fensir ne da 'yar takarda, gama ko da yake a kwamfuta ake yin jarrabawar tun 2016, ana ba da takardar lissafi.

To, bari mu san abin da muke riƙe da shi. Ɗan lido fuska shida gare shi, da kusurwa takwas, da baki goma sha biyu. Kowace fuska tana da maƙwabta huɗu da suka haɗa baki da ita, da kuma guda ɗaya tak da ta juya mata baya. Bahaushe ya riga ya tanadar mana sunan wannan, watau kishiya. Gida ɗaya suke, amma har abada ba za a ɗauke su hoto tare ba. Wannan ita ce ƙa'ida ta farko, kuma duk sauran daga gare ta suka fito: duk fuskoki biyu da aka gani a zane ɗaya maƙwabta ne, ba kishiyoyi ba.

Domin mu fahimci juna, kowane zane za mu kira shi da fuskar sama, da ta gaba, da ta dama. Ga zane na farko: sama 1, gaba 2, dama 3. Ga na biyu: sama 2, gaba 5, dama 4. Wace ce kishiyar 2? Ba sai an juya kome ba. A zane na farko mun ga 2 tare da 1 da 3, a na biyu mun gan ta tare da 5 da 4. Maƙwabta huɗu sun cika ke nan, saura 6, ita ce kishiya. Wanda ya saba ba zai kai daƙiƙa goma a nan ba.

Amma mai shirya jarrabawa ba ya tsayawa a nan. Zai ce, wace ce kishiyar 1? Mun san ba 2 ba ce, ba 3 ba ce, ba kuma 6 ba ce tun da an riga an aurar da ita. Saura 4 ko 5, kuma a nan ne ake yin ɓarin maki. Dabarar ita ce a fara daga fuskar da ta fito a zanen biyu, a karanta sauran ana bin hannun agogo. A zane irin namu, bin agogo shi ne daga sama a gangara dama, daga dama a zo gaba, daga gaba a sake hawa sama. In muka fara daga 2 a zane na farko, sai mu sami 2, 1, 3. A na biyu kuwa 2, 4, 5. A rubuta layin biyu ɗaya a ƙarƙashin ɗaya: 1 ta hau kan 4, 3 ta hau kan 5. Kishiyar 1 ita ce 4, kishiyar 3 ita ce 5.

Kada mu karɓi wannan kamar laƙani, gama dabarar da mutum bai san dalilinta ba takan gudu ta bar shi ranar da aka sauya wa tambaya riga. Ku ɗauka 2 tana kallonku. Maƙwabtanta huɗu sun kewaye ta kamar mutum huɗu da suka zauna a gefe huɗu na faranti ɗaya. Kowane zane yana nuna mana biyu daga cikinsu da suke kafaɗa da kafaɗa, yana kuma gaya mana wanda ke gaba da wanda ke biye. Zane na farko ya ce 1 sa'an nan 3. Na biyu ya ce 4 sa'an nan 5. Tun da mazauni huɗu ne kaɗai, zaman ya zama 1, 3, 4, 5, daga nan a komo kan 1. Wanda ke fuskantarka a bakin faranti kuwa shi ne wanda ka tsallake mutum ɗaya ka same shi. Daga 1 a tsallake 3 a sami 4, daga 3 a tsallake 4 a sami 5. Daga nan kuma za ku gane abin da ya sa tilas a bi hanya ɗaya a zanen biyu. Wanda ya bi agogo a na farko ya saɓa masa a na biyu zai sami 1, 3, 5, 4, ya ce kishiyar 1 ita ce 5, kuma muna tabbatar muku zai tarar da 5 ɗin nan tana jiransa a cikin amsoshi huɗun da aka jera, domin saboda shi aka ajiye ta. Wani lokaci akan zana ɗan lidon da gefen hagu maimakon na dama; wannan bai sauya kome ba, ido dai ya bi agogo a kan takarda yadda zanen yake.

Idan kuwa fuska biyu ne suka maimaitu, aikin ya fi sauƙi. Mu riƙe zanenmu na farko, sama 1, gaba 2, dama 3, mu haɗa shi da wani: sama 3, gaba 2, dama 4. Ga 2 da 3 a duka biyun. To, waɗanda suka rage, 1 da 4, kishiyoyi ne. Dalili kuwa shi ne 2 da 3 sun haɗa baki ɗaya, bakin nan yana da ƙarshe biyu, kowane ƙarshe akwai fuskar da ta toshe shi, kamar marfi biyu na gwangwani. Marfin sama da na ƙasa ba sa haɗuwa.

Yanzu ga tambayar da muke so ku tsaya a kanta. Da waɗannan zane biyu kaɗai, wace ce kishiyar 2? Maƙwabtanta da muka gani su ne 1, 3, da 4. Saura 5 da 6, kuma babu zanen da ya nuna ko ɗaya daga cikinsu. Ko mutum ya kwana yana kallo ba zai iya cewa ga wadda ke bayan 2 ba. Amsar gaskiya ita ce ba za a iya tantancewa ba, kuma akan sa wannan a cikin amsoshin da za a zaɓa. Ɗalibai da yawa suna jin kunyar zaɓenta, suna ganin kamar amsar rago ce. A ganinmu ita ce amsar da ta fi kowace nuna wanda ya gane al'amarin, domin sai wanda ya san iyakar abin da shaida ta faɗa ne yake iya tsayawa a kan iyakar.

Mun ji wani yana cewa a ransa, ai 5 ce, domin 2 da 5 bakwai ke nan. Wannan ya kawo mu ga babban tarkon da ke cikin babin baki ɗaya. Gaskiya ne ɗan lidon da muke saya a kanti an tsara shi yadda kowace fuska da kishiyarta suke haɗuwa su ba da bakwai: 1 da 6, 2 da 5, 3 da 4. Amma wannan al'adar masu ƙira ce, ba dokar lissafi ba. Bari mu ƙirga. A ajiye 1 a ƙasa. Lamba biyar suka rage, kowace tana iya zama a sama. Sauran huɗun da za su yi kewaye kuma hanya shida ake iya zaunar da su. Biyar sau shida, talatin. Watau akwai 'ya'yan lido 30 daban-daban da za a iya yi da lambobi 1 zuwa 6, waɗanda ko yaya aka juya ɗaya ba zai koma ɗaya ba. Wani masanin lissafi na Ingila, Percy MacMahon, ya yi wasa da irin wannan talatin ɗin da launi shida a littafinsa na 1921. A cikin talatin ɗin nan, guda 2 kaɗai ke bin ƙa'idar bakwai. Tun asali ma ba kowa ya bi ta ba. A kufan Mohenjo-daro, tsohon birnin da ke lardin Sindh na Pakistan ta yau, wanda ya haura shekara 4,000, an tono ɗan lido na yumɓu da 1 ke bayan 2, 3 ke bayan 4, 5 ke bayan 6. Lidon kansa ma, da aka yi wa rajista a Ingila, daga wasan pachisi na Indiya aka samo shi, wanda da wuri ake jefawa.

Saboda haka ba a amfani da bakwai sai tambaya ta faɗa da bakinta cewa ɗan lidon na ƙa'ida ne. In aka ga fuska biyu a zane ɗaya sun haɗu sun ba da bakwai, kamar 2 da 5 a zanenmu na biyu, to, an tabbata ba na ƙa'ida ba ne. Wannan daidai ne. Amma akwai masu koyar da cewa in ba a ga bakwai a zane ba, to, na ƙa'ida ne, kuma mu ba mu yarda da wannan ba. Ku dubi zanenmu na farko: 1, 2, 3, babu biyun da suka kai bakwai, amma ga shi mun tarar 4 ce ke bayan 1. Hasali ma, fuskoki ukun da ke ɓoye hanya shida ake iya raba musu 4 da 5 da 6, kuma hanya ɗaya ce kaɗai cikin shidan take bin bakwai.

Su waɗannan biyun masu bin bakwai me ya raba su? Abin da ya raba hannun dama da na hagu. In aka dubi kusurwar da 1 da 2 da 3 suka haɗu, a ɗaya suna bin agogo, a ɗayan suna saɓa masa. Na ƙasashen Turai galibi masu saɓawa ne, na ƙasar Sin galibi masu bi. Ba don labari muka kawo wannan ba, da shi ake warware wani nau'in tambayar, inda akan ce wanne ne cikin zanen nan huɗu ba zai yiwu ya zama ɗan lidon farko ba. Zanenmu na farko in aka bi agogo daga sama yana ba da 1, 3, 2. Duk yadda aka mirgina shi, kusurwar nan za ta ci gaba da karantuwa 1, 3, 2, ko 3, 2, 1, ko 2, 1, 3, duk abu ɗaya ne. Da zarar aka nuna muku sama 1, gaba 3, dama 2, wanda ke karantuwa 1, 2, 3, ku ce wannan hotonsa ne a madubi, ba shi ba ne.

Sai kuma ɗan lidon da aka warware aka shimfiɗa kamar kwali, a ce a naɗe shi a zuci. Zana siffofi a shimfiɗe haka tsohon abu ne, Bajamushen nan mai zane Albrecht Dürer ya yi shi a littafinsa na 1525. Akwai hanya 35 da za a iya jera murabba'i shida baki da baki, amma 11 kaɗai ke naɗuwa su zama ɗan lido. Shida daga ciki suna da layin gida huɗu a tsakiya da gida ɗaya a kowane gefe, uku suna da layin gida uku da biyu a gefe ɗaya da ɗaya a ɗaya gefen, guda yana da layi biyu na uku-uku, guda kuma kamar matakala yake, biyu-biyu sau uku. Nan ma ba a naɗewa a kai. A layi miƙaƙƙe, tsallake gida ɗaya ka sami kishiya, kamar dai zaman farantinmu. In layin A, B, C, D ne, da E a bisa da F a ƙasa, to A da C, B da D, E da F. Inda babu layi mai tsawo, a nemi gida huɗu da suka yi siffar harafin Z, watau biyu a sama biyu a ƙasa an ɗan goce. Na farko da na ƙarshe kishiyoyi ne. A matakalar nan, in aka bi gidajen daga sama zuwa ƙasa A, B, C, D, E, F, sai a sami A da D, B da E, C da F. Shimfiɗar da ke da gida biyar a layi ɗaya ba ta naɗuwa, domin na biyar zai faɗa kan na farko. Haka ma wadda gida huɗu suka taru wuri guda biyu bisa biyu, gama fuska uku ne kaɗai ke haɗuwa a kusurwa. Bayan an fitar da kishiyoyi, sai a koma ga ƙa'idar farko a soke duk amsar da ta nuna kishiyoyi tare. Sau da yawa wannan kaɗai ya isa. In amsa biyu suka rage, agogo ne zai raba su.

Sokewar nan tana da daraja ko da mutum bai kai ga amsa ba. A jarrabawar jirgin ƙasa ta Indiya maki ɗaya ake ba wanda ya ci, a cire sulusin maki ga wanda ya kuskure. Mai cankar amsa ido rufe cikin huɗu, a tambaya huɗu zai ci ɗaya ya faɗi uku, ya tashi babu riba babu asara. Amma wanda ya soke biyu da hujja kafin ya canka, a tambaya biyu zai ci ɗaya ya faɗi ɗaya, ribarsa sulusi biyu na maki.

Game da 'yar'uwar wannan tambaya, ta dunƙulen da aka shafa wa fenti aka yanka ƙanana, ba za mu daɗe ba, domin ƙirga ce kawai. In an yanka shi gida uku ta kowane gefe, ƙanana 27 za a samu: 8 na kusurwa masu fenti a fuska uku, 12 na baki masu biyu, 6 na tsakiyar fuska masu ɗaya, da guda ɗaya a can ciki da fenti bai taɓa ba. In gida huɗu ne, 64 ke nan: 8, da 24, da 24, da 8.

Wani zai ce, in ba a juyawa a kai, ina amfanin motsa ƙwaƙwalwa da siffofi? Amfaninsa a gida yake, kafin ranar jarrabawa. A 2013 David Uttal da abokan aikinsa sun tattara bincike 217 a kan horar da mutane fahimtar siffa da wuri, suka tarar horo yana inganta ta, ingancin kuma yana daɗewa. Saboda haka masu cewa wannan baiwa ce da ake haihuwar mutum da ita ba su da hujja. Ku sami dunƙulen Maggi ko kwalin ashana, ku liƙa masa lambobi yadda kuka ga dama, ku zana shi ta kusurwa biyu, ku ba abokinku ya fitar da kishiyoyi da fensir, sa'an nan ku duba da hannu ku ga ko ya dace. Ku yanka shimfiɗun nan goma sha ɗaya a takarda ku naɗe kowace sau ɗaya. Wanda hannunsa ya naɗe matakalar nan ya ga A ta zo daura da D ba zai sake bukatar haddar harafin Z ba.

Kafin mu zauna ga guda ɗaya da za mu bar muku, muna kuma roƙon shugaban zama ya duba agogonsa ya ba ku daƙiƙa 36. Zane na farko: sama 6, gaba 1, dama 4. Zane na biyu: sama 3, gaba 6, dama 2. Wace ce kishiyar 1? Wanda ya fitar da kishiyoyin duka uku zai tarar mun riga mun ambaci wannan ɗan lidon ɗazu, ya tashi ya gaya mana inda aka tono shi.